Jinyar rashin barci a Garwa: a ɗakin asibiti ko ta wayar hannu?

Mutumin da barci ya ƙaurace wa a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, ya saba da wurare uku: wajen mai sayar da magani na bakin hanya, wajen malamin da zai yi masa tofi ko rubutu, sai kuma haƙuri. A 'yan shekarun nan an sami wata hanya ta huɗu, wato jinya ta tattaunawa da wanda ya karanci halayyar ɗan Adam, kuma ita ma ta kasu biyu, domin ana iya yin ta ido da ido a ɗakin asibiti, ana kuma iya yin ta ta wayar hannu da wani ƙwararre da ke zaune a Yawunde ko Duwala. Na bi hanyoyin biyu ɗaya bayan ɗaya, na kuma ɗan taɓa wata manhaja da ke koyar da tsarin ba tare da mutum ba. Ra'ayina shi ne jinya ta waya ta fi dacewa da mai sana'a, kuma ita ce za ta fi isa ga jama'ar wannan yanki, amma da sharaɗin an fara zama gaban wanda zai duba jikin mutum, kuma wanda ke ɗaya gefen layin mutum ne mai sauraro, ba na'ura ba.

Ba kowane daren da aka kwana ido biyu ake kira ciwo ba. A ma'aunin likitoci, rashin barci yana zama ciwo mai naci ne idan mutum yana shan wahala kafin barci ya ɗauke shi, ko yana farkawa cikin dare ya kasa komawa, ko yana farkawa tun kafin lokacinsa, aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, alhali yana da damar kwanciya, kuma abin yana shafar aikinsa da rana. Kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana cikin wannan hali, kuma ya fi yawa a tsakanin mata da masu shekaru.

Jinyar da nake magana a kanta ba hira ce ta ba da haƙuri ba. Tsari ne mai dokoki, wanda likitoci masu Ingilishi ke taƙaita sunansa da CBT-I, masu Faransanci kuma TCC-I, kuma yawanci ana gama shi cikin zama huɗu zuwa takwas. A shekarar 2016 babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawarar a fara da shi kafin a rubuta wa babba ƙwayar barci, kuma ƙa'idojin likitocin Turai na 2017 sun tafi a kan haka. Tsarin yana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu. Na farko, wanda Richard Bootzin ya fito da shi a 1972, shi ne a raba shimfiɗa da zaman jiran barci: ba a kwanciya sai an ji barci, idan an yi kamar minti ashirin bai zo ba sai a tashi a koma wani wuri, kuma ana tashi da safe a lokaci guda ko da daren ya yi muni. Na biyu, wanda Arthur Spielman da abokan aikinsa suka bayyana a 1987, shi ne a taƙaita lokacin da ake yi a kwance ya daidaita da ainihin barcin da ake samu, sannan a riƙa ƙara shi kaɗan kaɗan. Sauran aikin shi ne gyara tunanin da ke hana ido rufuwa, irin na mutumin da ke lissafin awannin da suka rage masa kafin kiran sallah. Duk wannan yana dogara ne da takarda guda, wadda mara lafiya ke cikawa kowace safiya: ƙarfe nawa ya kwanta, yaushe barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka, ƙarfe nawa ya tashi.

Wanda ya fara duba ni ma'aikacin jinya ne da ya ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa, a wani asibiti a nan Garwa. Likitocin wannan fanni 'yan ƙalilan ne a Kamaru, kuma yawancinsu suna kudu, inda manyan sassan jinyar suke, kamar na asibitin Jamot a Yawunde da na Laquintinie a Duwala, saboda haka a arewa irin waɗannan ma'aikata ne ke ɗauke da nauyin. Abin da ya fara yi shi ne abin da waya ba za ta iya ba. Ya auna hawan jinina, ya duba farin idona da wuyana, ya tambaye ni ko ƙafafuna suna damuna da dare har sai na motsa su, sannan ya ce in shigo da uwargida da ke jira a waje. Ya gaishe ta, ya ce: "Hajiya, ke ce shaida a nan, ba Malam ba. Yana minshari? Kin taɓa jin numfashinsa ya ɗauke, sannan ya zabura kamar an shaƙe shi?" Ta ce a'a. Ya bayyana mana cewa da ta ce e, da maganar ta canza gaba ɗaya, domin wanda numfashinsa ke tsayawa cikin barci ciwonsa daban ne, kuma ƙwayar barci ƙara masa haɗari take yi. Daga nan ya koma kan shayi da goro, ya ce sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato shayin da aka sha a majalisa da ƙarfe tara na dare rabin ƙarfinsa yana nan da ƙarfe biyu. Ya kuma tambaye ni kai tsaye, ba tare da kunya ba, ko ina shan tramol ko diazepam na kasuwa, tambayar da ya ce yana yi wa kowa, mai rawani da mai babur.

Da na koma da takardar da na cika, sai ya ɗauki biro ya yi lissafi a gabana. Ina kwanciya da ƙarfe tara bayan Isha, ina tashi da ƙarfe biyar don Asuba, wato awa takwas a shimfiɗa, amma barcin da nake samu bai wuce awa biyar da rabi ba. Ya ce abin da ake nema shi ne barci ya cinye aƙalla kashi 85 cikin ɗari na lokacin kwanciya, ni kuwa ban kai kashi 70 ba. Hukuncinsa shi ne kada in kwanta kafin sha ɗaya da rabi, kuma duk makon da lissafin ya kai inda ake so za a ƙara mini minti goma sha biyar. Na nuna masa cewa wannan ya yi kama da a hana mai ƙishirwa ruwa, sai ya yi murmushi ya ce barci kamar yunwa yake, wanda ya yini yana ciye-ciye ba ya jin daɗin tuwon dare.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda ya san rayuwarmu ba sai an yi masa bayani ba. Bai ɓata lokaci yana neman mini lokacin tashi ba, domin ya ce Asuba ta riga ta yi mana wannan aiki, kuma marasa lafiya a wasu ƙasashe wahala suke sha kafin su riƙe lokaci guda. Amma ya ɗora yatsa a kan ainihin wurin da muke ɓata tsarin, wato komawa shimfiɗa bayan an dawo daga masallaci a yi barci har ƙarfe takwas. Wannan barcin ya hana ni shi ƙememe, ya ce in zauna a tsakar gida in yi karatu har rana ta fito, domin hasken safiya shi ke daidaita agogon jiki. Game da ƙailula kuwa, wadda littattafan wannan jinya ke hanawa, bai yi jayayya da sunna ko da zafin Garwa ba. Ya yarda da ita a taƙaice, kamar minti ashirin, kafin La'asar, kuma ba a kan katifar da ake kwana ba.

Aibin wannan hanya ba a mutumin yake ba, a yanayin aikinsa yake. Shi kaɗai ne ke ganin masu farfaɗiya, da masu taɓin hankali, da samarin da ƙwaya ta lalata, saboda haka mai kukan rashin barci shi ne na ƙarshe a gaggawa, kuma haka ya kamata. Ana zuwa da safe a bar shago a rufe, a zauna a benci har rana ta take, sannan a sami 'yan mintoci. Tazarar da ke tsakanin zama da zama ta fi mako, alhali wannan tsari kowane mako yake son a gyara shi, musamman a farko, lokacin da gajiya ke tsananta har mutum ya fara tunanin watsar da komai. Ga kuma idon jama'a. Duk wanda ya gan ka zaune a bakin waccan ƙofa ya riga ya yanke maka hukunci, kuma kafin yamma labari ya isa unguwa cewa wane ya fara ganin likitan mahaukata. Ni ban damu sosai ba, amma na san mata da 'yan kasuwa da dama da wannan kaɗai zai hana su zuwa.

Wannan tazara ce ta sa na ci gaba da wata masaniyar halayyar ɗan Adam da ke Yawunde, wadda wani ɗan'uwa ya haɗa ni da ita. Tsarinta mai sauƙi ne. Ana tura kuɗin zama ta Orange Money ko MoMo, a ɗauki hoton takardar barcin mako a tura mata, sannan a yi kiran bidiyo ta WhatsApp a lokacin da aka tsayar, wanda ni na zaɓi tsakanin Magariba da Isha. Ba rufe shago, ba kuɗin babur, ba benci. Kafin mu fara magana ta riga ta yi lissafinta, kuma idan na kasa riƙe doka a tsakiyar mako ina iya aika mata saƙon murya ta ba ni amsa washegari. A ɓangaren gyaran tunani ta fi wancan ma'aikaci zurfi, domin fanninta ne kuma tana da lokaci. Ita ce ta gano cewa abin da ke tayar da ni da ƙarfe biyu lissafin bashin kaya ne, ta sa ni in riƙa zama da littafi bayan La'asar ina rubuta abin da ke damuna da matakin da zan ɗauka gobe, don kada in kai shi shimfiɗa. Na kuma lura cewa akwai maganar da mutum ke iya faɗa wa baƙuwar da ba ta san danginsa ba, wadda ba zai faɗa wa ɗan garinsu ba ko da likita ne.

Sai dai duk matsalolin wannan yanki suna shiga cikin kiran tare da kai. Layi yakan yanke a daidai lokacin da aka kai ga magana mai nauyi, fuskarta ta tsaya cak a allo baki buɗe, in yi ta cewa "Madam, kina ji na?" ina zagaya zaure da waya a sama, har daga baya muka haƙura da bidiyo muka koma murya zalla, abin da bai rage komai daga jinyar ba, tunda takardar tana hannunta. A bazara, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ke ja baya wutar lantarki ta yi ƙaranci a arewa, cajin waya kansa sai an yi masa tanadi. Sirrin da ake yabon wannan hanya da shi ma rabi ne. Gaskiya ne ba wanda ya gan ka a asibiti, amma gidan da ake zaune mutum goma sha ba shi da ɗakin da murya ba ta fita, kuma macen da ke aron wayar mijinta ba ta da wani sirri ko kaɗan. Babban shingen kuwa harshe ne. Da Faransanci kaɗai take aiki. Ni na yi makaranta, amma mahaifiyata, wadda ita ma barci ke yi wa gardama, Hausa da Fulatanci take ji, kuma jinyar da sai an sa ɗa ya yi tafinta tsakanin uwa da likita ba za ta kai ga abin da ke zuciyar uwar ba.

Akwai kuma abin da wanda ke zaune a sanyin Yawunde ba ya hange. A zamanmu na farko ta karanto mini shawarwarin da aka saba, har da cewa ɗakin kwana ya kasance mai sanyi da duhu da shiru. Sai da na bayyana mata cewa a watan Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40 da rana, bango yana riƙe shi har tsakar dare, kuma rabin gari a waje yake kwana cikin gidan sauro. Yabon da zan yi mata shi ne ta saurara, ta gyara. Muka tsayar da cewa tabarmar da ake hira a kanta daban, shimfiɗar kwana daban, kuma idan barci ya ƙi zuwa in fita daga gidan sauron in zauna a kujera da carbi, ba da waya ba, har sai ido ya yi nauyi. Ma'aikacin Garwa bai buƙaci wannan darasi ba, kuma ba kowane ƙwararre na nesa ne zai karɓe shi daga bakin mara lafiya ba.

Binciken da aka yi a ƙasashen waje ya zo daidai da abin da na gani, muddin an bambanta kiran bidiyo da manhaja. A Jami'ar Michigan ta Amurka, Todd Arnedt da abokan aikinsa sun raba manya 65 masu rashin barci gida biyu, wasu suna zuwa asibiti, wasu suna ganin likita ta bidiyo, kuma sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna cewa na bidiyo ba su gaza na asibiti ba. Amma a wani gwaji da aka yi a Norway, wanda shi ma ya fito a 2021, inda aka gwada zama da likita da shirin intanet mai sarrafa kansa, waɗanda suka zauna da likita sun fi samun sauƙi, ko da yake ɗaya ɓangaren ma ya amfana. Wato nisa ba shi ne ke rage ƙarfin jinyar ba, rashin mutum ne.

Ban raina manhajojin ba. Sleepio, wadda Farfesa Colin Espie na Jami'ar Oxford yana cikin waɗanda suka ƙirƙire ta, ta sami amincewar hukumar NICE ta Ingila, mai tantance hanyoyin jinya, a 2022, kuma a ƙasar da mutane ke jiran likita wata da watanni abu ne mai amfani. Wadda ni na gwada wata ce daban, ta kyauta, da Ingilishi. Lissafinta daidai ne, kuma ta fi takarda sauƙin ajiya. Amma ba ta da gurbin barci kashi biyu, ba ta san azumi ba, kuma idan na rubuta cewa na tashi ƙarfe biyar na koma, sai ta ɗauke shi a matsayin farkawar ciwo. Wanda ya iya harshen zai iya riƙe ta a matsayin littafin lissafi a gefen jinyar da mutum ke jagoranta.

Akwai mutanen da ba zan ba su shawarar su fara ta waya ba ko da kyauta ne. Taƙaita lokacin kwanciya yana ƙara gyangyaɗi a makonnin farko, saboda haka direban babbar mota da ke bin hanyar Ngaundere zuwa Kusiri da Njamena, ko mai babur na haya, bai kamata ya shiga ba sai da tsari na musamman. Rashin isasshen barci yana iya tayar da farfaɗiya, yana kuma iya tayar da ciwon nan da ke kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin baƙin ciki. Wanda ya daɗe yana shan diazepam kada ya yanke shi dare ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga, sai dai a rage masa a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Mutanen da suka baro garuruwansu a yankin Mora da Kolofata saboda hare-haren Boko Haram, waɗanda munanan mafarkai ke tayarwa, da duk wanda ya fara jin rayuwa ta ishe shi, waɗannan suna buƙatar wanda zai gan su da ido, ya san gidansu, ya iya kiran danginsu.

Ta fuskar kuɗi, zaman asibiti ya fi araha a takarda, amma idan aka haɗa da kuɗin babur da cinikin rabin yini da aka rasa, bambancin yana raguwa, kuma ga wanda zai taso daga Gider ko Figil, wayar ce ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙwararrun da ke aiki ta waya masu zaman kansu ne, kuɗinsu ya yi wa talaka nauyi, sai dai jinyar tana da ƙarshe, ba kamar ƙwaya ba da ake saye kowane mako. Lokacin farawa ma yana da muhimmanci. Ma'aikacin Garwa da masaniyar Yawunde duka ba su yarda a fara cikin Ramadan ba, saboda sahur da sallar dare suna rusa lissafin, kuma da zan zaɓa wa wani, da na ce ya fara a sanyin Disamba ko Janairu.

Tun da kowa na iya buɗe shafi a Facebook ya kira kansa masani, kafin a tura ko dala ɗaya ya kamata a tambayi mutum inda ya yi karatu da asibitin da yake aiki ko ya taɓa aiki, a kuma nemi wani ma'aikacin lafiya na gida ya tabbatar. Sai a tambaye shi zama nawa jinyar za ta ɗauka, da abin da zai nema a kawo masa kowane mako. Idan bai ambaci takardar lissafin barci ba, ko ya fara da tallan wani ganyen shayi ko ƙwayar da zai aiko a motar haya, to ba wannan jinyar yake yi ba.